Yadda ake fitar da man gwaiduwar ƙwai a gida, da inda ya kamata a shafa shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sanyi ya fara shigowa, kuma mu nan Jos kun san namu daban ne, daga ƙarshen Nuwamba har Janairu fata sai a hankali, leɓe ya tsage, dunduniya tayi faso, hannu yayi furu-furu musamman masu wanke-wanke da sassafe da ruwan da ya kwana a waje. A irin wannan lokacin ne ake yawan tambayar man gwaiduwar ƙwai, wasu sun ji ance yana sauke kumburi da raɗaɗin fata, wasu kuma an tallata musu shi a 'yar ƙaramar kwalba da kuɗi mai kauri. Abu ne da zaki iya yi da kanki a tsakar gida, ƙwai ne kawai da kasko sai kuma haƙurin tsayuwa gaban wuta. Da mata zan riƙa magana don mu muka fi tsayawa a murhu, amma maza ma ku karanta, faso bai bar kowa ba.

Maganin ya daɗe a duniya, ba jiya aka fara shi ba. A ƙasar Sin akwai babban kundin magunguna na Li Shizhen da aka buga a 1596, a ciki an kawo soya gwaiduwa har ta fidda mai a shafa wa ƙuraje, kuma har gobe tsofaffinsu na yi a gida. A Jafan ma suna yin sa, baƙi ƙirin. Masu maganin gargajiyar da ake kira Yunani a Indiya da Pakistan kuwa a kwalba suke sayar da shi don gashi. Akwai kuma labarin Ambroise Paré, likitan sojan Faransa, a yaƙin Turin na Italiya a 1537. A zamanin in harsashi ya samu soja tafasasshen mai ake tuttula masa a ciwon, to ranar man ya ƙare masa, sai ya haɗa gwaiduwa da man fure da ƙaron itace da ake kira tarfentin ya shafa wa sauran, washegari ya tarar waɗanda ya shafa wa haɗin sun samu barci ciwonsu bai tashi ba, waɗanda aka tuttula wa tafasasshen mai kuwa ga zazzaɓi ga kumburi. Masu talla na son wannan labarin sosai. Ni dai a ganina babban taimakon da sojojin nan suka samu shine an daina soya musu nama da ransu, gwaiduwar ta samu yabon da ya fi ƙarfinta.

Masu bincike ma sun taɓa shi. A 2011 wasu a Shiraz ta ƙasar Iran sun gwada shi a kan ɓerayen da suka ƙone suka ga fatar ta haɗe da kyau, a 2013 wasu a Iran ɗin dai suka gwada kan kumburin ƙafar ɓeraye suka ga ya ragu. To amma ɓera ne fa, a ɗakin gwaji mai tsafta, ba yaron da ruwan wanka ya zubo wa a Gangare ba. Wannan ki riƙe shi, zamu dawo kan ƙuna.

Dalilin da yasa yake lafar da fata ba wani boyayyen sirri bane. Saman fatar mutum akwai wani siririn maiƙo da yake riƙe ruwa a ciki ya kuma tare datti daga waje, iskar hunturu da sabulu mai ƙarfi da ruwa mai zafi sosai su suke cinye shi, da ya tafi sai fata ta tsattsage, ƙura da omo su shiga, wajen yayi ja ya fara ƙaiƙayi, ki sosa, susar ta ƙara tayar da shi, haka za ayi ta zagaye. Ita kuma gwaiduwa kusan rabinta ruwa ne, kusan kashi ɗaya cikin uku mai ne, kuma a man akwai kolestarol wanda dama yana cikin abin da fatar ke gina wancan maiƙon da shi, akwai wani maiƙo da ake kira lesitin, akwai bitamin A da E, da sinadaran da suke ba gwaiduwa launinta. In kin shafa sai ya toshe tsagar ya riƙe danshi, ƙaiƙayin ya lafa, ki daina susa, jan ya sauka. Yawancin aikinsa kenan. Kuma tsananin wuta na lalata bitamin ɗin nan, shi yasa duk maganata zata tafi ne a kan wuta kaɗan-kaɗan.

Toh kayan aiki. Ƙwai goma sun isa na farko, kar ki ce zaki kwashi kiret guda a wannan tsadar baki ma san ko fatarki zata karɓa ba. Gwaiduwa ɗaya man da ke cikinta bai wuce giram 5 ba, kuma da hannu ba zaki taɓa tatso shi duka ba, ƙwai goma in kin samu cokali biyu na cin abinci kin yi ƙoƙari. Alhamdulillahi mu dai ƙwai baya mana wuya, gonakin kaji sun cika hanyar Bukuru da Vom da Lamingo, ko a Taminus ko Farin Gada zaki samu sabo. Na kazar Hausa ko na gidan gona duk suna yi, na gidan gonar ma ya fi girman gwaiduwa. Wanda zan hana ki shine fasasshen nan da ake ragewa kuɗi, wanda ya kwana biyu a fashe ƙuda na bi, fata zaki shafa wa. In kina shakkar ƙwai ki jefa shi a ruwa, wanda ya taso sama ya tsufa, ki ajiye shi gefe.

Sai kasko mai kauri na ƙarfe ko na silba, busasshe ƙarau. Banda irin mai baƙin shafen nan da abinci baya kamawa, baya son doguwar wuta ba ruwa ba mai, shafen lalacewa yake. Sai cokalin katako ko ƙaramar muciya, farin ƙyalle na auduga da kika wanke kika tafasa ya bushe, rariyar shayi, da 'yar kwalbar gilas mai murfi, in mai duhu ce ya fi. Ita ma ki tafasa ta ki kife ta bushe sosai, ɗigon ruwa ɗaya a ciki ya isa ya ɓata miki man.

Ki dafa ƙwan ya dahu tauri. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, don haka ruwanmu yana tafasa ne tun zafinsa bai kai na Kano ko Legas ba, shi yasa ƙwai da wake suke ɗan ƙara jan lokaci a nan. Ki bashi minti 15 bayan ya tafaso, ki juye a ruwan sanyi, ki ɓare. Ki raba farin da gwaiduwar tsaf, kar ki bari ko ɗan guntun fari ya bi, shi ƙonewa kawai yake yana kama kasko. Farin kar a zubar don Allah, a yanka a miyar dankalin Turawa ko a kwaɗon kabeji da karas, yara zasu tashi da shi.

Gwaiduwar ki marmasa ta da cokali mai yatsu har ta zama gari ba gudaji. Ba gishiri, ba ruwa, ba mai. Wasu na ɗiga man zaitun wai don ya jawo na ƙwan, to in kin yi haka ki sani abin da kika tace haɗi ne.

Yanzu ki fita waje. Wallahi da gaske nake, kar ki yi wannan aikin a ɗaki ko a rufaffen kicin, ƙaurinsa da ƙarninsa sai sun kwana a labule da katifa, maƙwabta ma sai sun leƙo. Kuma in da gawayi zaki yi, kar sanyi yasa ki ja kurfoti cikin ɗaki ki rufe ƙofa, iskar da gawayi ke fitarwa bata da wari bata da launi kuma tana kisa, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Tsakar gida ko baranda inda iska ke wucewa.

Wutar ta zama can ƙasa, in gas ne ki maida shi mafi ƙanƙanta, in gawayi ne ki bari ya ruru ya yi toka-toka a sama tukunna. Ki zuba garin gwaiduwar ki baza, ki fara juyawa. Minti goma sha na farko ba abin da zaki gani sai tururi, ruwan cikinta ne ke fita, anan ne mutane ke ƙosawa su ƙara wuta, kar ki ƙara. Zaki ga launin ya tashi daga ruwan ɗorawa ya fara komawa ja-ja, garin ya yi wara-wara yana ɗan ƙara a kasko, ƙamshin ya koma na soyayyen abu. Ki cigaba da juyawa kina dannawa da bayan cokali, kina kankare ƙasan kaskon da gefe-gefe don nan yake fara kamawa. Can wajen rabin awa, wani lokacin fiye, ya danganta da wutarki da kaurin kaskon, zai koma ruwan ƙasa, ya fara sheƙi, ya ɗan dunƙule, in kika danna zaki ga 'yan ƙananan kumfa na tsattsafowa a gefen cokalin. Ki ɗebo kaɗan ki hura ya huce ki murza tsakanin yatsu biyu, in yatsun sun yi naso sosai to ya kai.

A nan hanya ta rabu biyu. Akwai masu cigaba har sai ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya turnuƙe, garin ya narke ya koma baƙi ƙirin mai danƙo, sannan man ya kwanto da kansa su karkata kasko su tsiyaye. Wannan shine baƙin man da aka fi sani, kuma gaskiya ya fi fita da yawa ba tare da wahalar matsa ba. Amma ni bana bada shawararsa. Duk kitsen da ya ƙone haka yana haifar da sinadarai marasa kyau, abin da ake nema a ciki ma wuta ta cinye da yawa, ga wari da baya barin jiki, ga ɓata zanin gado.

Ni inda nake tsayawa shine a ruwan ƙasan nan. Ki sauke, ki shimfiɗa ƙyallen a kan kwano, ki juye garin da zafinsa, ki tattaro bakin ƙyallen ki murɗe, ki ɗora a rariya ki danna da bayan ludayi da ƙarfinki. Duk wadda ta taɓa ganin masu ƙuli-ƙuli na matse tunkuza ta gane abin da nake nufi. Da zafinsa yake fita, in ya huce sai ya riƙe man, don haka ki yi sauri amma ki kula da hannunki, ki naɗe da wani tsumman. In ya daina ɗiga ki mayar kasko ki ɗan ƙara ɗumama shi ki sake matsa, zagaye na biyun ma yana bada wani abu. Man zai fito ruwan zuma mai duhu, mai ɗan kauri. Ki barshi ya kwana a rufe gari-garin ya kwanta, da safe ki tsiyaye na saman a kwalba ta cikin sabon ƙyalle.

Kafin ki shafa a ko'ina ki gwada. Ɗigo ɗaya a cikin hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ki barshi kwana ɗaya zuwa biyu. In wajen yayi ja, ko ya tashi, ko ƙaiƙayi, to ba naki bane, ki kyautar. Wanda kuwa dama in ya ci ƙwai jikinsa ke yin borin jini, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya riƙe, ko gwajin ma kar yayi, don matsar gida bata raba man da sauran ƙwan gaba ɗaya.

Inda yake aiki da kyau shine busasshiyar fata da ta fara ja da ƙaiƙayi amma bata fashe ta zama ciwo ba: bayan hannu, gwiwar hannu, ƙwauri, gefen farce, dunduniya. Kaɗan ake shafawa, ɗigo biyu uku, kuma lokacin da ya fi shine da fitowarki daga wanka jiki da sauran danshi, don shi riƙe ruwa yake, in fatar ta riga ta bushe ƙamas ba abin da zai riƙe. Tunda ɗan kaɗan ne kuma yana da ƙarni, ki narka man kaɗanya cokali uku ko huɗu ki zuba na ƙwan ƙaramin cokali ɗaya ki juya ya daskare, zai fi auki ya fi daɗin shafawa. In zan faɗi tsakani da Allah ma, kaɗanyar ita kaɗai ko basilin suna yin kaso mai yawa na wannan aikin, wadda bata da halin ƙona ƙwai goma kar ta ji ta rasa wani abu.

Na faso, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti goma da daddare, ki goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ki tsane, ki shafa haɗin, ki saka safa ki kwanta. Kullum ake yi ba sau ɗaya ba, kuma da rana a daina yawo da silifas cikin ƙura. Masu ciwon gwiwa da sanyi ke tayar musu suna ɗumama shi su murza, suna jin daɗi, ba laifi, amma ɗumin da murzar ne ke aikin, man baya ratsawa ya kai gaɓa. Gaɓar da ta kumbura tayi zafi rau ga zazzaɓi kuwa ba ta murza bace, asibiti.

Sai ƙuna, wadda ita ce ta fi damuna don da sanyi yara ke yawan faɗawa ruwan zafi da garwashi. Sabuwar ƙuna ba a saka mata mai kowane iri, ba na ƙwai ba, ba manja ba, ba baƙin man inji ba, ba makilin ba, balle ɗanyen ƙwai da ake fasawa a kai wanda zai iya shigar da ƙwayar cuta cikin ciwon. Ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata na minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe da awarwaro kafin wajen ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsafta, sauran jikin yaron kuma a lulluɓe shi kar sanyi ya kama shi. Kar a fasa ƙullutun ruwan da ya taso. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko a fuska take, ko hannu, ko gaba, ko kan gaɓa, ko ƙaramin yaro ne, a wuce asibiti kai tsaye, ga JUTH ga Filato Sifeshalis ga Jankwano. Man ƙwai sai bayan fata ta rufe gaba ɗaya, lokacin da sabuwar fatar ke bushewa tana ƙaiƙayi, nan ne zai yi rana.

Wani wajen da mutane ke kuskure shine ƙyasbi da amosanin kai. Su biyun nan wani naman gwari ne da ke zaune a fata yake haddasa su, kuma abincinsa maiƙo ne, irin wanda ya cika man ƙwai da man zaitun, to kinga in kin lafta masa ciyar da shi kike. Makero da ƙazuwa ma ba aikinsa bane, kowanne da maganinsa a kemis. A gashi ki tsaya a jelar da ta bushe take karyewa, ki bar fatar kan in kina da amosani. Mai yawan ƙurajen fuska ita ma ta bar shi a ƙafa da hannu.

Jarirai a ƙyale su. Ƙwai na cikin abincin da jikin ƙananan yara ya fi yi wa bore, kuma shafa abin abinci a fatar jariri da ta riga ta tsage na iya zama hanyar da jikin zai fara ƙinsa. Mai shayarwa ma kar ta shafa a kan nono tunda bakin yaro zai je wajen. Mai ciwon suga, ko ɗan tsaga ne a ƙafa, a nuna wa ma'aikacin lafiya, kar a kankare kar a tsaya gwaje-gwajen gida, ƙafar mai suga bata jira. Duk ciwon da ke ruwa ko mugunya ko wari, haka. Ba a ɗiga shi a ido, ba a ɗiga shi a kunne. Sha kuma, na san akwai masu cewa a lasa don zuciya ko ƙarfin jiki, ni dai ba ruwana da wannan, in amfanin gwaiduwa kike so a ciki ki dafa ƙwan ki ci abinki.

Ajiya, ki rufe kwalbar gam ki saka a firij in akwai wuta, in babu ki nemi lungu mai sanyi da duhu, nesa da taga da murhu, sanyin garin ma na taimakawa a wannan watannin. Kar ki riƙa tsoma yatsa, ki ɗiga a tafin hannu ko ki ɗiba da busasshen cokali. Ki rubuta ranar da kika yi a jikin kwalbar, ki yi ƙoƙarin ƙarar da shi cikin wata ɗaya, in kuma kafin nan warinsa ya canza ya koma na tsohon mai, ko kika ga wani abu na yawo a ciki ko fari-fari a sama, ki zubar. Garin da ya rage a ƙyalle a zubar da shi inda kaji da akuya ba zasu kai ba in ya ƙone, shi kuma kaskon ki zuba masa ruwan zafi da toka tun bai huce ba ki barshi ya jiƙa, in ya kwana a bushe sai kin sha kankara da soson ƙarfe.